Rabin Tafkin Bent

Ranar Alhamis ce cikin kaka, lokacin da rana ke saurin faɗawa bayan duwatsun Jasenik. A gidan Vehid Kurtagić, gida na ƙarshe a tsohuwar unguwarmu, wanda bayansa ke jingine da tafkin Bent, komai yana tafiya yadda ya saba. Nafija matar gidan ta sauke pita, burodin nan mai dankali a ciki, daga tanda, ta rufe ta da tsumma don ta yi laushi. Nana Zejna, mahaifiyar Vehid, tana kan dogon bencin jikin taga da carbinta, tana jiran kiran salla. Vehid ya cire takalman ofis yana hura wutar murhu. Ilhana kuwa, 'yarsu tilo mai shekara goma sha tara, ta dawo daga makarantar koyon jinya, ta fita tsakar gida kwashe shanya kafin raɓa ta sauka.

Ladan bai gama kabbarar farko ba, dutse ya faɗo a kan rufin. Rufin katako ne irin na dā, don haka ƙarar ta cika gidan, aka ji dutsen yana gangarowa a hankali har ya dire a bakin ƙofa. Sai na biyu. Sai na uku.

"Yaran nan na gidan Šaban," in ji Vehid. "Yau sai na ja kunnen wani."

Ya fita, bai tarar da kowa a lungun ba. Ya sunkuya ya ɗauki dutsen. Jiƙaƙƙe ne, sanyi ƙalau, gansakuka ta lulluɓe shi, yana warin ƙasan ruwa. Alhali kwana tara ke nan da aka janye ruwan Bent aka kwashe lakarsa, babu abin da ya rage a ciki sai busasshen rami.

Nana Zejna ta miƙa hannu aka ba ta dutsen. Ta shinshina shi, sannan ta ce a kira mata Ilhana maza.

Yarinyar tana tsaye jikin guntuwar katangar da ke kallon tafkin, ta juya wa gidan baya, zanen gado yana hannunta yana jan ƙasa. Tsakar gidan daɓen dutse ne, amma ƙafafunta sun yi dumu-dumu da baƙar laka har idon sawu. Uwarta ta kira sunanta sau biyu. A na uku ta waiwayo, ta ce da murya ƙasa-ƙasa:

"Mama, wa ke kuka a cikin ramin nan?"

Kafin in ci gaba, sai na koma baya kaɗan, don wanda bai tashi a unguwarmu ba ba zai san abin da ya sa carbin Nana Zejna ya suɓuce daga hannunta ba.

Kakannin Vehid masu injin niƙa ne, ruwan Bent ne ke juya musu dutsen. Duk bayan kaka uku sai an yashe tafkin da shebur da kwando, kuma tun kaka da kakanni ba a taɓa yashe shi duka ba. Rabi ake yi. Kwana uku kafin aikin, bayan la'asar, babbar macen gidan takan ɗauki wata buta ta tagulla cike da ruwan sukari, ta bi bakin gefen da za a yashe tana tsiyayarwa, tana cewa: "Maƙwabta, ku gafarce mu. Ku matsa wancan gefen, ku kwashe 'ya'yanku, can babu mai taɓa ku." Lakar da aka kwaso kuma ba ta barin wurin, a gindin itatuwan tuffa na bakin ruwa ake jibge ta. Zejna ta karɓi butar daga hannun surukarta tana amarya. Shekara hamsin da ɗaya butar tana hannunta, ko a shekarun yaƙi ba ta yi fashi ba. Da injin ya daina aiki, majiya ƙarfi suka tafi Jamus, aka rasa masu riƙe shebur, sai ta riƙa zuba ruwan sukarin kawai, wai gaisuwa ce.

Tafkin ya cushe, yana wari da bazara, sauro ya hana mutane zama a ƙofar gida. Hukumar gari ta samo kuɗin gyara, za a kawo katafila da tifofi, a yashe shi a dasa bencina saboda baƙi masu zuwa kallon tsofaffin gidaje. To amma tunda tafkin yana jikin unguwar tarihi, doka ta ce sai ofishin kula da kayan tarihi ya duba ya sa hannu. Wanda aikin ya faɗo kansa shi ne Vehid, shekara ashirin da biyu yana mataimaki a ofishin nan.

Gaskiya ya yi aiki. Ya auna katangar injin, ya ɗauki hoton gadar dutse ta kowace fuska, ya ƙirga duwatsun madatsar ya ba kowanne lamba, ya rubuta cewa kada katafila ta matso kusa da su. Dutse dai bai taɓa samun mai ƙaunarsa kamar Vehid ba. Sai ya zo shafi na ƙarshe, inda takardar ke tambaya ko akwai wata al'ada da mazauna wurin ke yi a kai har yanzu. In ya rubuta akwai, sai kwamiti ya zo daga babban birni, a zauna da tsohuwarsa a yi mata tambayoyi, a raba aikin gida biyu cikin shekara biyu, shi kuwa ɗan kwangila ya riga ya ce katafilarsa ba ta hawa dutsen Jasenik sau biyu. Ga shugaban ofishin zai yi ritaya da sabuwar shekara, kujerar tana neman mai zama. Ga kuma sunan da abokan aikinsa suka laƙa masa tun yana sabon shiga, ɗan mai shayar da kwaɗi, wanda yake yi wa dariya a baki, yana cin sa a ciki. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta kalma ɗaya: babu. Ya sa hannu a kan yasar tafkin gaba ɗaya.

Da yamma ya kawo wa uwarsa gahawa yadda ya saba kullum, da curin sukari a gefe. Ta tambaye shi:

"Ɗana, rabi ko duka?"

"Rabi, Mama. Gefen gabas. Ni na sa hannu, wa zai tsallake?"

"To madalla. Allah Ya yi maka albarka."

Ya riƙe mata butar har bakin ƙofar baya, a nan ya tsaya, don kada masu wucewa ta kan gada su gan shi. Ta bi gefen gabas tana jan gwiwoyinta, tana zuba ruwan sukari, tana yi wa maƙwabtanta alkawarin cewa gefen yamma babu mai taɓa su. Washegari ya ɗauke ta a mota zuwa wurin wankan ruwan zafi, ya ce mako guda ya biya mata saboda ciwon gwiwa. Ta yi ta ba matan da ta tarar can labarin ɗanta mai jin ƙai. Ranar Litinin katafila ta iso. Titin da zai ɗauki nauyinta ta yamma yake, don haka ta yamma aka fara.

Da Zejna ta dawo ta leƙa ta katanga ta ga rami fayau daga wannan baki zuwa wancan, sai da aka riƙe ta. Vehid ya ce direban katafila ne ya wuce iyaka, baƙo ne ba ya jin magana, ya ma rubuta ƙararsa. Tsohuwa ta yarda. Ta yi wa direban da ba ta taɓa gani ba Allah-ya-isa, ta shafa kan ɗanta ta ce kada ya sa abin a ransa. Ni wannan shafa kan ya fi ƙona mini rai a cikin labarin duka.

Daga ranar Alhamis ɗin nan gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da rana shiru, har mutum ya ce ko mafarki aka yi. Amma da inuwar minara ta kai bakin gada, sai kajin maƙwabta su yi tsit, iskar tsakar gidan ta yi nauyi, sannan duwatsun su fara. Ba su taɓa samun kowa ba, ba su fasa taga ko ɗaya ba. Faɗowa kawai suke, su gangaro, su taru a bakin ƙofa, Nafija ta kwashe da safe a bokiti. Gahawa ta koma ɗanɗanon taɓo. Ranar Asabar aka buɗe gwangwanin sukari aka tarar da baƙar laka cike da shi har baki. Wani lokaci kuma daga cikin ramin a kan ji muryar mace tana kiran wani suna, tana ja, irin kiran uwar da ta fito neman ɗanta bayan kowa ya shiga gida.

Ilhana ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci sai ruwa. Takan durƙusa a tsakar gida tana tonon tsakanin duwatsun daɓe da farcenta har ya yi jini, tana ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ta tsaya, ta dubi hagu ta dubi dama, ta sake somawa daga ɗaya. Likita ya zo ya ce gajiyar karatu ce, ya rubuta maganin barci. Abin da ya fi komai ciwo shi ne yadda ta juya wa kakarta. Yarinyar da ta tashi a cinyar Nana Zejna, wadda kowa ya san ita za ta gaji butar, yanzu in tsohuwar ta matso sai ta tofar da yawu ta kau da kai. Zejna takan koma bencinta ta zauna, hawaye na bin kuncinta, ba ta sharewa.

A rana ta goma sha biyu an fara sakin ruwa cikin tafkin. Nafija ta shiga kicin minti biyar, da ta fito babu Ilhana. A tsakiyar Bent aka hango ta, ruwa ya kai mata ƙirji, tana tafiya a hankali zuwa gefen yamma inda ya fi zurfi. Maza uku suka fito da ita da ƙyar.

"Gobe zan aika a kira Hafiz Muradif," in ji Nafija, tana goge wa 'yarta gashi.

"Haba Nafija, me mutane za su ce? Ni ma'aikacin hukuma ne."

"Hukumar ce za ta haifa maka wata? Ka je ka auna katangarka. Ni 'yata nake so."

Hafiz Muradif tsohon mai gyaran agogo ne daga wani ƙauye a bayan dutse, wanda aka sani da yi wa masu iska karatu, siriri, gajere, da baƙar hula da jaka ƙarama. Motar haya ta sauke shi bayan la'asar. Ya ƙi gahawa, ya ce sai an gama. Ya zagaya gidan, ya leƙa tafkin ya daɗe, ya ɗaga dutse ɗaya daga bokitin Nafija ya mayar. Sannan ya dubi Vehid ta saman gilashinsa.

"Kai ne mai sa hannu?"

"Ni ne, Efendiya," in ji Vehid, yadda ake kiran malamai a wajenmu.

"To. Zauna inda zan riƙa ganin ka."

Aka naɗe shimfiɗar babban ɗaki. Ya zaunar da Ilhana a tsakiya, ya zaro wuƙa mai baƙar ƙota ya ja da'ira a kan katakon, ya kewaye ta da shi kansa. Ya ce kowa ya zauna a waje da layin, ko me aka gani kada a tsallako. Ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, tafiya kawai take ba tsayawa, hasken taga yana raguwa, ɗakin yana ƙara sanyi. Da ladan ya kira salla, dutse bai faɗo ba. A maimakonsa sai ruwa ya fara tsattsafowa daga tsakanin katakan da ke ƙarƙashin yarinyar, baƙi, mai wari, ya tsaya cak a bakin da'irar.

Ilhana ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kauri, kamar ana magana da ruwa a maƙogwaro.

"Ya isa, mai agogo. Kana ƙona ni a banza. Ba ni ce azzaluma a ɗakin nan ba."

"Musulma ce ke?"

"Tun ba a aza dutsen masallacinku ba."

"To kin san haramun ne abin da kike yi. Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Nawa ma bai yi komai ba."

Kan yarinyar ya juya a hankali har idanunta suka sauka a kan Nana Zejna.

"Tambayi waccan. Shekara hamsin da ɗaya muna shan ruwanta, ba mu taɓa tsoratar da ɗan gidan nan ba. Ɗanta wancan ya faɗa ruwa yana shekara huɗu, ni na turo shi baki. Ta zo ta zuba a gabas, ta ce mu koma yamma, ta ce can babu mai taɓa mu. Da ba ta zuba ba, da mun ji ƙarar ƙarfe mun watse, kowa ya yi ta kansa. Amma ta ce, mu kuwa mun yarda. Na tara 'ya'yana biyar a wuri ɗaya, na kwantar da su. Sai ƙarfe ya sauko a kanmu. Huɗu na fizgo. Ƙaramin yana cikin laka, aka zuba shi a mota aka tafi da shi. Ɗa da ɗa, mai agogo. Wannan tawa ce, zan tafi da ita ƙasan ruwa."

Nafija ta toshe bakinta da gyale. Nana Zejna ta miƙe, ba ta nemi sanda ba.

"Maƙwabciya, wallahi ban yaudare ki ba. Rabi aka sa hannu a kai. Direba ne ya wuce iyaka, baƙo ne, bai san mu ba."

"Baki ne. Da shi kika yi alkawarin farko."

"To a kawo mini Alƙur'anina."

Nafija ta ɗauko shi daga saman kabad, a naɗe cikin koren ƙyalle. Hafiz ya karɓa ya ɗora a kan matashi a bakin da'irar, amma bai janye hannunsa daga kai ba.

"Zejna-hanuma, ki saurare ni da kyau. In rantsuwarki ta fito daidai, dole ta saki jikarki, ta je ta nemi haƙƙinta inda yake. In ta karkace ko da faɗin gashi ne, bakina ya mutu, yarinyar ta zama tata. Abin da za ki rantse a kai, da idonki kika gani?"

"Ɗana ne ya gaya mini, Efendiya. Bakinsa idona ne."

Hafiz ya janye hannunsa. Bai dubi Vehid ba, kuma rashin duban ya fi duban nauyi. Tsohuwa ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta yi bisimilla, ta miƙa hannun dama. Ana jin ɗigar ruwa daga gashin Ilhana. Saura kamar tsawon yatsa tafin hannunta ya sauka, Vehid ya kama wuyan hannun.

"Mama, kada ki rantse."

Ta dube shi, ba ta gane ba tukuna.

"Direba bai yi kuskure ba. Duka na sa hannu a kai. Tun kafin ki tambaye ni na riga na sa."

"Ranar da ka riƙe mini buta?"

"Na sani."

"Wankan ruwan zafin fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta zare hannunta daga nasa a hankali, ba fizga ba, ta ɗora shi a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Abin da ke jikin Ilhana ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ashe mu biyu aka yi wa. Ke ma a wuri ɗaya kika tara yardarki."

"Kin ji gaskiya yanzu," in ji Hafiz. "Mai butar ba ta ci amanarki ba, yarinyar kuma ba ta san komai ba. Ɗanki ya mutu ne, ko yana raye?"

"Yana raye. Ina jin kukansa, ba na sanin ta ina. Ƙarami ne, ba ya iya tafiya a busasshiyar ƙasa."

Hafiz ya juya ga Vehid ya tambaye shi inda aka kai lakar. Ya ce tsohon ramin fasa dutse, kilomita bakwai daga gari, tifa arba'in, an zuba ɓaraguzai a kai.

"Ya dawo mini da lakar duka," in ji muryar. "Da hannunsa."

"Kada ki nemi abin da kin san ba zai yiwu ba, sai in ce ba ɗanki kike so ba. Ɗan ya san ɗanɗanon ruwan butar nan?"

"Da shi aka yaye shi."

"To za a yi masa hanya. Daga ramin har bakin Bent, layi ɗaya ba yankewa. Zai biyo."

Ruwan da ke ƙasa ya motsa, sannan muryar ta ce:

"Mai sa hannun ne zai riƙe butar. Da rana, ta tsakiyar kasuwa, ba ta bayan gari ba. Kuma ya faɗi kalmomin da ƙarfi, kowa ya ji."

"Na yi alkawari," in ji Vehid.

"Da wane bakin? Ba na karɓar alkawari daga gidan nan. Ina nan zaune har in ƙirga biyar. In rana ta faɗi gobe ban ƙirga ba, mai agogo, ka goge layinka ka koma ƙauyenku."

Washegari Laraba ce, ranar kasuwar Jasenik. Duk wanda ke garin ya ga abin, ni ma na gani. Vehid Kurtagić, mataimakin shugaban ofishin kayan tarihi, ya sauko daga hanyar ramin dutse a sunkuye, butar tagulla a hannunsa, siririn ruwa yana zuba daga bakinta. Nafija tana biye da shi da baro cike da jarkoki, in butar ta kusa ƙarewa ta ƙara masa ba tare da ya tsaya ba. Ko sau ɗaya ba ta yi masa magana ba. Ya ratsa masu sayar da barkono da kabeji, mutane suna darewa, ƙudan zuma suna bin layin. Muryarsa ta dushe, amma yana faɗa: "Maƙwabci, ka gafarce ni. Biyo nan, uwarka tana jira."

A shagon gahawa na bakin gada abokan aikinsa suna zaune. Ɗaya ya ɗaga murya:

"Vehid! Kwaɗin ne suka yi oda har gida?"

Aka fara dariya, amma ba ta yi nisa ba. Wata mai sayar da cuku ce ta fara nunawa da yatsa. A bayan baron Nafija, a kan busassun duwatsun titi, wasu 'yan alamu jiƙaƙƙu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a gefen layin, kowace ba ta fi tafin hannun jariri ba. In Vehid ya yi sauri sai su tsaya, sai ya rage tafiya su ci gaba. Mai barkwancin ya ajiye kofinsa ya shige cikin shago.

Rana tana kan bakin dutse ya iso ƙofar baya. Wannan karon bai tsaya a ƙofar ba, ya wuce har bakin ruwa, ya tsiyaye ɗigon ƙarshe. Ruwan ya ɗan motsa a wuri ɗaya, ya kwanta.

A cikin ɗaki Hafiz yana zaune inda yake tun jiya, salla kawai ke tashinsa. Ilhana ta buɗe baki: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ja numfashi mai tsawo.

"Biyar."

Ta daɗe tana rungume da abin da babu mai gani, tana jijjiga shi. Sannan muryar ta ce:

"Zejna."

"Ina ji, maƙwabciya."

"Na yafe miki. Tofin da na yi miki da bakin jikarki, ke ma ki yafe. Amma mun tashi. Kada a ƙara zuba mana komai, ba mai sha. Wurin da sai an duba takarda kafin a san ko maganar mutum magana ce, ba wurin renon yara ba ne."

"Shekara hamsin da ɗaya," in ji tsohuwar.

"Na ƙirga su tare da ke. Mai agogo, buɗe mini."

Hafiz ya sa wuƙarsa ya yanke da'irar ta wajen taga. Ƙaramin yatsan ƙafar Ilhana na hagu ya karkaɗa sau uku, ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta. Da ta farfaɗo, kakarta ta fara nema, ta ce yunwa take ji. Sai a lokacin Hafiz Muradif ya ce to, yanzu a kawo gahawar nan, kuma a sa sukari da yawa in akwai wanda ya rage a garin.

Ilhana ta warke sarai, ta gama karatunta, ba ta tuna komai sai sanyi. Vehid ya je ofis ya nemi a ba shi takardar ya gyara shafin ƙarshe, aka ce an rufe fayil, har ma babban birni ya yaba da aikin. Kujerar kuwa wani aka ba. Bent yana nan tsaf, ruwansa garau, da bencina da fitilu, baƙi suna ɗaukar hoto. Sai dai tun daga shekarar ba a ƙara jin kukan kwaɗo ko ɗaya a cikinsa ba. Butar tana saman kabad, an kife ta.

Nana Zejna ta ƙara shekara uku a duniya. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Kullum da yamma Vehid yana kawo mata gahawa da curin sukari a gefe, tana karɓa, tana cewa an gode, yadda ake ce wa baƙo. Maƙwabta suna cewa ai ta yafe masa, uwa ce. Mai yiwuwa ne.

Amma wata rana cikin hunturunta na ƙarshe na shiga gaishe ta, tana kwance, gwiwoyin sun kumbura ba ta iya taka su. Vehid ya shigo daga waje yana kakkaɓe kafaɗarsa, gashinsa fari fat.

"Mama, dusar ƙanƙara ta fara sauka."

Ta ce to. Sannan ta yaye bargo, ta dafa bango, ta ƙi hannun da ya miƙa mata, ta ja jiki taku ɗaya-ɗaya har bakin taga. Ta ɗaga labule ta duba da kanta.